Ɗan Yashi da Gadon Jirgi

Shekara talatin da biyu ya yi yana aiki a wani dogon ɗaki da ke bayan filin jirgin sama, inda ake gyaran kujerun fasinja. Abokan aikinsa suna ɗinka rigunan kujeru, suna canja soso. Shi kuwa rabonsa gadon jarirai ne, shi ya sa sunan Mai-Gado ya bi shi har gida.

Gadon nan ɗan akwati ne na ƙarfe marar nauyi, an lulluɓe shi da yadi mai kauri, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Yana da ƙusoshi biyu da ake zurawa a ramukan bangon da ke gaban layin farko na kujeru. In jirgi ya daidaita a sama, sai ma'aikaciya ta maƙala shi, uwa ta kwantar da ɗanta, ta ja maɗauri, hannuwanta su huta. Ƙa'idar kamfaninsu kilo goma sha ɗaya ce, ba ƙari.

Saboda wannan ƙa'ida ya ɗinka buhun yashi tun yana sabon shiga, ya auna shi sau uku a sikelin kaya, kilo goma sha ɗaya cif. Ba gadon da zai bar hannunsa sai buhun nan ya kwanta a ciki, ya jijjiga shi, ya kasa kunne ya ji ko ƙusoshi za su yi ƙara. Abokan aiki suka raɗa wa buhun suna Ɗan Yashi, suna tambayarsa yaushe za a yaye shi.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Ya shiga jirgi ba iyaka, amma duk a ƙasa, kuma bai taɓa ganin jariri a cikin gadon ba. Sai dai ya duba shi yadda maharbi ke duba sawu: ga tabon madara, ga safa guda ɗaya a lungu, ga gefen da aka tsotsa. In ya gamu da ma'aikatan jirgi sun sauko, sai ya tare su da girmamawa.

"Sannunku da hanya. Ya yi barci kuwa?"

"Wa, Baba?"

"Wanda ya kwanta a wannan."

Sai su yi dariya su ce jarirai nawa za su tuna.

Da ya yi ritaya, ya tafi da Ɗan Yashi gida, ya jingine shi a ɗakin ajiya kusa da madafa. Shekara shida buhun yana nan.

Sai tafiya ta kama autarsa. Za ta bi mijinta wata ƙasa mai nisa, awa goma sha huɗu a sama, ita kaɗai da ɗanta ɗan wata tara, ga ciwon baya da ta samu tun haihuwa. Ta nemi kujerar gaban bango, an ba ta, amma an ce gadon kam sai in yaron bai wuce nauyi ba. In ya wuce, a hannu za ta riƙe shi daga tashi har sauka.

Ita kuwa matarsa, kakar yaron, wani lissafi take yi dabam. Uban bai taɓa ganin ɗansa ido da ido ba, ta ce ba za a kai masa shi kamar sillen kara ba. Safe da yamma ayaba ce da madara da gwaiduwar ƙwai.

"Ci, angona, kada dangin ubanka su ce mun bar ka da yunwa."

"Kowane cokali da kika ba shi, a bayan 'yarki zai sauka," in ji Mai-Gado.

"Kishi kake yi da shi, tsoho, don ya fi ka kumatu."

Saura kwana uku, ya fito da katako ya ɗora tsakiyarsa a kan bulo, ya auna ɓangarorin da tef. Ya kawo bahon wanka biyu iri ɗaya, ya sa Ɗan Yashi a ɗaya, jikansa a ɗayan. Yaron ya yi ƙasa yana tafi, buhun ya yi sama. Ya sauya musu gefe, aka sake samun haka.

Auta ta daɗe tana kallon katakon. "Baba, ai ba kullum suke aunawa ba. In na ce kilo goma ne, wa zai sani?"

"Ƙusoshin za su sani, 'yata. Ba sa jin magana."

Sai ya zauna a kan keken ɗinki ya yi mata matashi mai siffar rabin wata, wanda za ta ɗora a cinya ya tallafi hannunta. Kakar ta rage cokali, ta kuma rage magana.

Ranar tafiya, a wurin auna kaya, ya roƙi ma'aikacin ya bari a gwada, don dai ya san da nawa aka wuce. Auta ta hau sikeli da yaron, ta sauka, ta sake hawa ita kaɗai. Ma'aikacin ya ce kilo goma da ɗigo huɗu, gado nasa ne.

Mai-Gado bai yi murna nan take ba, mamaki ne ya riga murnar. Suna komawa gida ya ɗauki buhun ya juya shi. A ƙasa ya ga ɗinkin da ba nasa ba, manyan taku da baƙin zare.

"Wa ya taɓa Ɗan Yashi?"

Matarsa ta gyara ɗankwali. "Yashi ne mai laushi, ba irinsa wajen goge gindin tukunya. Ɗan kaɗan nake ɗiba, in sake ɗinkewa."

"Tun yaushe?"

"Tun da ka kawo shi. Ai ba ka ce ma'aikacin gwamnati ba ne."

Washegari da hantsi hoto ya shigo wayar tsohuwar. Ya sa tabarau, ya matsa bakin taga. Ga jikansa kwance a gadon da ke maƙale a bango, baki buɗe, ƙafa ɗaya ba safa. Ya fara duba maɗaurin, ya ga an ja shi daidai, ya duba ƙusoshin, sun shige har ƙarshe. Sannan ya tsaya a kan fuskar yaron, ya daɗe.

"Ashe haka safar ke fita," ya ce. "Tambaye ta, ya yi barci kuwa?"

Amsa ta dawo: awa bakwai, ita ma ta samu biyar, bayanta lafiya.

Ya cire tabarau ya naɗe. Sai ya shiga ɗakin ajiya ya ɗauko buhun, ya warware baƙin zaren, ya ajiye shi a buɗe kusa da tukwane.