"Babu" ɗin Yayana

Salam, ɗalibaina da abokan arziki. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Malamarku ce, ina nan da rai.

Wata rana ina rubutu a allo alli ya suɓuce mini. Bayan nan idon dama ya yi hazo, ƙafar hagu ta fara ja.

Yaya Sani, babban wanmu, shi ya kai ni asibiti Katsina. Likita ya tambaya, "Akwai wanda ya taɓa irin wannan a dangi?"

Kafin in buɗe baki Yaya ya ce, "Babu."

Aka yi ta gwajin jini, ana ba ni maganin gajiya. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka makancewa zan yi.

Sai Balki, ɗiyar Gwaggonmu, ta ƙetaro iyaka daga Maraɗi duba ni. Ta ga tafiyata, ta dafe ƙirji.

"Wayyo! Haka Innata ta fara. Ai Yaya Sani shi ya kawo ta gida daga asibiti da motarshi."

Mu an ce mana aljanu ne suka taɓa Gwaggo.

Na tare shi a zaure. "Yaya, don me?"

"Ke, ɗiya mata gare ni. Masu binciken aure su ji ciwon gado, wa zai zo?"

Ni da nake koya wa 'ya'yan nasa darasin ƙwayoyin halitta.

Da muka gaya wa likita, ya tura ni hoton ƙwaƙwalwa. Sai da aka sayar da ragunan Inna, mahaifiyarmu, aka biya kuɗin. Sunan ciwon MS: garkuwar jiki ce ke cin rigar jijiyoyi.

Likita ya ce, "Malama, ba a gadonsa kamar gona. Wasu ƙwayoyin halitta suna ƙara haɗarin ne kawai. Yawancin dangin mai shi ba sa kamuwa."

Wato abin da Yaya ya ɓoye bai kai tsoron da ya ji ba.

Alhamdulillah, ciwon ya lafa. Ba ya warkewa gaba ɗaya, amma ina kan magani, idona ya washe, na koma aji da sanda. Inna, Balki, ɗalibaina, Allah ya saka.

In likita ya tambayi dangi, ku faɗi gaskiya, har wanda aka ce iska ce.

Yaya kuwa muna gaisawa. Amma ranar asibiti, ni nake amsa tambayata.