Ranar da Inna ta gane maƙerar Baba da kunne

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a cikin wannan watan, da Allah ya karɓi ran mahaifina, Sahabi Maƙeri na Yelwa. Ban ɗauki alƙalami don in sa kowa kuka ba. Mutumin da ya ƙare kwanakinsa yana zolayar jama'a a bakin wuta ba zai gode mini ba in na tuna shi da hawaye.

Gajere ne kakkaura, mai gashin hannu duk a babbake. Fartanya, lauje, wuƙar gyaran kifi, ƙusoshin jirgi, babu wanda ba ya ƙerawa. Ranar kasuwa rumfarsa takan cika da manoman Ngaski da Shanga, musulmi da kirista da masu bin addinin kakanni, kowa da guntun ƙarfensa a hannu, shi kuwa yana tsokanar kowa da harshensa. Yaren Kambarin da yake yi karyayye ne, ya kuma sani, amma bai taɓa fasa yi ba, don ya ce dariyar da suke masa tana rage musu zafin jira.

A tsakiyar rumfar akwai uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen nan da ake ɗora jan ƙarfe a kai a buga. Tasa irin mai ƙaho ce, baƙa wuluk, ƙato biyu ba sa ɗaga ta sai da nishi. Goggo yake kiranta, wai don ta girme shi kuma daga hannun ubansa ta fito. Kakanmu ya same ta ne wajen wani makanikin jirgin ruwa tun zamanin Turawa. Lokacin da ruwan madatsar Kainji ya taso aka tashi mutane, ita kakanmu ya fara ɗorawa a kwalekwale kafin buhunan dawa. Baba yakan ce saura ƙiris jirgin ya nutse. In labarin ya yi masa daɗi kuwa, sai ya ce ya nutse ɗin, kakanmu ya fito da ita a ka.

Dokokin Goggo ba su da yawa, amma ba a karya su. Ba a zama a kanta. Ba a sara fuskarta da kurfi, kuma ba a maka mata masaba da ƙarfi alhali babu jan ƙarfe a tsakani. Da safiyar sanyi sai ya gasa wani guntun ƙarfe ya ɗora mata ta ɗumama kafin a fara aiki, don ya ce ƙarfe mai sanyi saurin ɓantarewa gare shi. In an tashi, ya goge ta, ya shafa mata man kaɗe, ya lulluɓe ta da buhu. Ni da ba a sa ran zan yi ƙira, ina 'yar makaranta mai kai masa fura, sai da na haddace su duka.

Sau da yawa nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga Yelwar yau. Manomi ya rataya tankin feshi a baya, ciyawa ta mutu ba a sunkuya ba. Fartanyar kanti ta cika kasuwa, mai sheƙi, mai lanƙwashewa a damina ɗaya. Na san zai yi tsaki, amma na san ba zai tsaya a tsakin ba. Shi ne fa ya fara ajiye zugazugin fata a unguwarmu ya haɗa na wilin keke, tsofaffin maƙera suna ce masa ya lalace. Abin da kawai ban san yadda zai ɗauka ba shi ne aikin da Yaya Bala ya yi bara waccan.

Yaya Bala shi ne ɗansa namiji tilo. Bai gaji ƙira ba, walda ya koya, yana da shagonsa a hanyar bakin ruwa. Bayan rasuwar Baba rumfar ta faɗi da ruwan wata damina, aka tura Goggo bayan zaure cikin tarkacen ƙarafa, muka manta da ita yadda akan manta da abin da aka tabbata yana nan. Da Yaya ya tashi gyaran gidan, sai ya ce wa masu sayen tsofaffin ƙarafa su kwashe tarkacen nan duka. Bai duba ba. Sai bayan kwana huɗu Inna, mahaifiyarmu, ta dogara sandarta ta zaga bayan zaure ta ga wuri fayau.

"Bala, ina Goggo?" in ji ta.

Yaya, mai 'ya'ya biyar, ya tsaya yana susar ƙeya kamar wanda aka kama da hannu a tukunyar miya. Aka kira ni a waya daga makarantar da nake koyarwa. Kafin in iso ya bincika, ya gano filin da ake tara kayan, ya kuma ji cewa washegari babbar mota za ta loda su zuwa kudu, inda ake narkar da su. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Inna, wadda ta yi wata uku ba ta taka ƙofar gida ba saboda ciwon gwiwa, ta yafa mayafi ta ce a tare mata keke mai ƙafa uku.

Mai filin, wani dattijo mai fara'a, bai yi mana gardama ba. Sai dai ya nuna mana matsalar: uwar maƙera uku ne a kwance cikin laka, duk masu ƙaho, duk tsatsa ta mai da su jajaye iri ɗaya. Daga ƙauyuka aka kawo biyun, inda maƙera suka mutu 'ya'ya suka bar sana'a. Ya ce mu ɗauki tamu, in mun san ta. Yaya ya zaga su sau uku ya ce ta tsakiya ce, can kuma ya ce a'a, ta gefe. Ni ma na duba na rasa. Shekara tara ba mu yi mata kallon kirki ba.

Inna ba ta ko matso ba, don idonta ya riga ya yi rauni. Ta zauna a kan wata tsohuwar taya ta ce, "Ku ɗaga su bisa icce, ku ƙwanƙwasa a hankali in ji."

Aka mirgina su kan katako. Yaya ya taɓa ta farko da ƙaramar guduma, ta ce ƙwal, sautin ya mutu nan take. Inna ta girgiza kai. "Wagga ƙarfen tukunya ta, Sahabi ko kyauta ba ya amsa tai." Ta biyu ta yi ƙara, amma da wani zizza a ƙarshe. "Akwai tsaga cikinta, Allah sarki." Da aka taɓa ta ukun, gudumar ta yi tsalle ta dawo hannun Yaya da kanta, wani siririn amo ya tashi, tsaf, ya daɗe bai sauka ba.

Sai Inna ta fashe da dariya, tana share ido da bakin mayafi. "Ita ta. Shekara arba'in tana hana ni barcin rana, in kasa gane ta?"

Muka goge gindinta da burushin waya. Ga ɗigo uku da kakanmu ya buga da madoshi a matsayin shaidarsa, ga ɓantaren kusurwa a ƙarƙashin ƙaho. Mai filin ya riƙe baki. Ya ce shi nauyi ya saya, nauyi kuma za a mayar masa, don haka Yaya ya wuni yana jido tsofaffin ƙyamare da ɓaraguzan rodi daga shagonsa har sikeli ya daidaita. Babu wanda ya taya shi, kuma bai nemi taimako ba.

A hanyar komawa ne Inna ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Ta ce daga cikin gida takan gane abin da Baba yake ƙerawa, lauje ko ƙusa, takan kuma gane in ransa a ɓace yake, sai ta ƙara masa yaji a miya. Ƙarfe ɗaya ba ya amo, in ji masu magana. Mu muna zaton shi kaɗai yake sana'ar.

Saura ƙiris a sake wata ɓarnar. Yaya ya ga fuskar Goggo ta ɗan lotsa a tsakiya, ya ɗauko injin gurza zai daidaita ta, ya cike kusurwar da walda. Na tuna masa cewa taurin nan a saman fuskar kawai yake, in ya cinye shi ya bar ta tsirara, kuma zafin walda na iya sassauta ta. Lotsawar ma, ai da ita Baba yake miƙe abin da ya karkace. Ya ajiye injin. Ya samo kututturen ƙirya ya kafa a gaban shago, ya ɗaure ta a kai, ya cire tsatsa da burushi kawai, ya bi da mai. Yanzu a kanta yake miƙe farfelar injinan jiragen ruwa. Kwanan nan ma masassaƙa jirgi sun lallaɓa shi ya fara buga musu ƙusa irin ta da, ko da yake na farkon da ya yi sun fi kama da ƙugiya. Da Baba yana nan, da ya yi mako yana ba da labarin ƙusoshin nan a kasuwa, sannan ya zauna ya nuna masa yadda ake yi.

Baba bai bar mana gona ba, bai bar gidan bene ba, hotonsa ma guda ɗaya ne, shi ma ya motsa. Na daɗe ina ganin abin da ya rage nasa ɗan kaɗan ne. Juma'ar da ta wuce ina zaune a shagon Yaya, wata mai bandar kifi daga wajen Shanga ta zo da wuƙa a naɗe cikin tsumma, tana so a sake mata ƙota. Wasawa ta cinye ruwan wuƙar har ya koma kamar ganyen ɗorawa. Yaya ya ce ta bari ya ba ta sabuwa. Matar ta fizge abarta ta ce ta uwarta ce, aikin Sahabi ne, kuma 'yarta na jiran gado. Ba ta san gaban 'ya'yan wa take tsaye ba, mu ma ba mu gaya mata ba. Yaya ya karɓa da hannu biyu, ya zaɓi icen da ya fi kyau a shagon.

Allah ya sanyaya makwancinka, Baba. Wuƙarka na nan tana yanka.