Ƙanzon Shinkafa Bayan Na Sha Kaye

Shekarar da sojoji suka fara haɗa kayansu za su koma bariki, ni ma na ɗauko babbar riga na tsaya takarar kansila a mazaɓarmu ta Gyadi-Gyadi. Malamin firamare ne ni a lokacin, ba ni da komai sai Vespa ɗaya da yawan surutu. Duk wanda na gaisa da shi sai ya dafa ƙirji ya ce, "Malam, ai an gama." An kuwa gama. Ƙuri'un da aka ƙirga mini, da 'yan gidanmu na gado kaɗai suka fito, da sun fi haka.

Kunya ta kwantar da ni. Ba ciwo nake ba, amma abinci ya fita daga raina. Uwargida ta yi tuwo miyar kuka da man shanu, ta yi dambu, ta yi ɗanwake, ni kuwa in ɗaga murfi in mayar. Wata biyu ina rayuwa a kan ruwan shayi, har mazagin wando ya fara zagaye ni da saura. Abin da ke sosa raina har yau shi ne yadda take ɗauke kwanon kamar yadda ta kawo shi. A zatonta girkinta ne ya daina yi mini daɗi, ni kuma girman kai ya hana in ce mata ba haka ba ne.

Ƙanwarta nas ce a asibitin koyarwa, kuma da ma abokiyar wasata ce. Ta zo ta ƙare mini kallo ta ce, "Honarabul, haka za ka ƙare? Waɗanda suka kayar da kai suna can suna yagar kaza." Sannan ta bar wasa. Ta ce damuwa idan ta zauna, ƙwaƙwalwa tana ta zubo sinadarin firgici kamar ana bin mutum da gudu, kuma wanda ake bi ba ya jin yunwa. "Ka riƙa tafiya da sauri bayan sallar asuba har ka yi gumi. Ƙwaƙwalwar da kanta za ta saki wasu sinadaran masu sanyaya rai, cikin zai buɗe."

Ranar farko ko ƙarshen layinmu ban kai ba sai ga mai kantin unguwarmu a kan babur.

"Subhanallahi, Malam! A ƙasa? Ina Vespa?"

Na ce motsa jiki nake. Ya dube ni da tausayi, ya ce in hau. A unguwarmu magidanci ba ya takawa a ƙasa sai abin hawansa ya salwanta, kuma ƙin tayin maƙwabci wulaƙanci ne. Na hau, ya dire ni a ƙofar gida. Washegari tela ne, jibi ladanin masallacinmu a kan keke. Kafin Juma'a magana ta bazu cewa siyasa ta cinye Vespa. Masu rage mini hanya a satin nan sun fi masu zaɓena yawa, kuma kowanne sai ya rantse mini a hanya cewa ni ya dangwala wa.

Da na kai wa nas ƙara, sai da ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "To ka tsallaka Tarauni mana, inda babu wanda ya taɓa yi maka alkawari."

Haka na koma bin lungu ina ɓullowa bayan kasuwa, in zaga har kusa da Unguwa Uku. Can ba wanda ya san ni, direbobi da leburori kowa na saurin gabansa. Kwanakin farko ina dawowa ko ƙamshin abinci ba na so. Na ce wa nas maganinta na bogi ne. Ta ce da an gama tafiya yunwa ɓuya take yi, in ba ta lokaci. Ni dai na lura da abu ɗaya: idan gumi ya karyo, sai in ji na daina lissafa waɗanda suka yaudare ni.

Wata safiya a sati na uku, na yi wanka na zauna, sai yunwa ta taso mini. Uwargida ta shiga maƙwabta barkar haihuwa. Na leƙa madafi na buɗe kwanuka, babu rabona. Ashe ta gaji da zubarwa, ta daina ajiye mini, ni kuwa ban ma lura ba. Sai tukunyar shinkafar jiya da ba a jiƙa ba tukuna. Na tsuguna da cokali ina kankarar ƙanzo, ni da na yi wa jama'a alkawarin famfo a kowane layi.

Ƙarar cokali ta hana ni jin shigowarta. Na ɗaga kai na gan ta tsaye a bakin ƙofa, mayafi a kafaɗa. Kunya ta kama ni, amma ban ajiye cokalin ba.

Na ce, "Tun farko ba girkinki ba ne. Ni ne."

Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Da na san ƙanzo kake so, Malam, ai da tuntuni na ƙona maka abincin."

Ta tsuguna kusa da ni, ta karɓi cokalin, ta shiga kankaro mini inda ban kai ba.