Shekarar da Gwaggo ta kai ƙarar ɗanta

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi tun kafin a haife ni. Duk wanda ya bi ta lungunsu a Matameye da hantsi zai ji ƙamshin suyar gyaɗa kafin ya ga ƙofar gidan. Mijinta ya rasu ya bar mata gidan da 'ya'ya biyu: namiji, shi ne ɗan fari, sai mace da take aure a Kurni.

Namijin ya tafi Aljeriya neman kuɗi kamar yadda samarin yankinmu suke tafiya. Ya daɗe a can, sannan aka dawo da shi cikin motar waɗanda aka koro. Mutumin da ya sauko daga motar nan ba shi ne ya tafi ba. Ya daina gaida mutane, ya daina zuwa gona, ya koma wuni a bakin tasha da masu shan ƙwaya.

Ni a lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kuma hanyata ta komawa gida ta ƙofar Gwaggo take bi. Ran nan na tarar da leɓenta a kumbure, ta ce ƙyaure ne ya buge ta. Wani karon gefen idonta ne ya yi baƙi, ta ce tunkiya ce ta tunkuye ta tana ba ta dusa. Maƙwabciyarta ce ta ja ni gefe ta ce, "Malama, ba tunkiya ba ce. Ta katanga muke jin komai."

Na kai maganar wurin Baba, tunda shi ne babba a dangi. Ya kira yaron zaure ya yi masa faɗa, yaron ya sunkuyar da kai ya ce ya tuba. Aka karɓo masa rubutu wurin malam. Da abin ya sake faruwa aka je gaban mai unguwa, aka yi sulhu, aka shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Gwaggo kaɗai ce ta koma cikin gidan da shi.

Wata safiya ina cikin aji maƙwabciyar nan ta zo da kanta, ko takalmi babu a ƙafarta. Na tarar da Gwaggo zaune a ƙasa kusa da turmi, gyaɗa ta watse a tsakar gida, hannunta na dama yana lilo daga gwiwa kamar ba a jikinta yake ba. Ɗanta ne ya so ya kwance tunkiyarta ya kai kasuwa, ta tare ƙofa, ya ɗauki taɓarya.

A gidan likita mace ce ta duba ta. Ta tambaye ta abin da ya faru, Gwaggo ta ce faɗuwa ta yi. Likitar ta ɗaga mata riga ta dubi bayanta, ta ce, "Inna, faɗuwa ba ta barin irin wannan shatin." Ta ɗaure hannun, sannan ta gaya mini cewa za ta iya rubuta takardar shaidar rauni, kuma idan har za a je gaban hukuma, ita za a fara tambaya. Na ce ta rubuta. Na tafi da Gwaggo gidana.

Akwai wata mata a ƙungiyar matan garinmu da aka koya wa sha'anin doka. Ba lauya ba ce, amma ta san hanyoyin. Na roƙe ta ta zo. Ta zauna a tabarma kusa da Gwaggo, ta yi mata bayani da Hausa tsantsa, a hankali. Ta ce sulhun mai unguwa ko na sarki yana da wurinsa, amma karya ƙashi ya wuce nan. Ta ce Gwaggo za ta iya zuwa wurin jandarmomi ko 'yan sanda su rubuta maganarta, su miƙa wa alƙali a jastis, wato kotu. Ta ce dukan uwa ko uba laifi ne da doka ta fi tsanantawa a kansa. Ta ce kuma za a iya roƙon alƙali a duba batun ƙwayar, ko a samu a kai shi magani Damagaram.

"Amma babu mai tilasta miki, Inna," in ji ta. "Ke za ki ce a je ko kada a je."

Abin da Gwaggo ta tambaya shi ne, "In na kai shi, za su doke shi?"

Ba ta yanke shawara a ranar ba. Ɗanta ne ya yanke mata. Bayan 'yan kwanaki ya zo gidana da la'asar, ya shigo babu sallama, ya tsaya a kanta tana zaune da hannu a ɗaure, ya ce ta tashi ta koma ta dafa masa abinci, in ba haka ba ɗayan hannun ma zai bi sahu. Ya shuri randata ta fashe, ya fita. Gwaggo ta kalli ruwan yana bin tsakar gida, ta ce da ni, "'Yar nan, miƙo mini mayafina."

A ofishin jandarmomi an ba mu benci. Wanda ya karɓe mu matashi ne, bai fi sa'an ɗanta ba, kuma ban ga wulaƙanci a wurinsa ba. Ya karanta takardar likita, ya jawo na'urar rubutu, ya ce, "Inna, wa ya yi miki haka?"

"Yaron wajena ne."

"Yaya sunansa?"

Nan Gwaggo ta tsaya. Ɗan fari ne. Tunda ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, saboda kunya irin ta iyayenmu. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan". Na ga leɓenta yana motsi, sautin ya ƙi fita. Jandarman ya jira, ya sake tambaya a hankali. Ta juya ta kalle ni. Ni na faɗi sunan, ya rubuta, ta dangwala yatsan hannun hagu.

Kafin magariba sun ɗauke shi daga tasha. Kafin gari ya waye labarin ya gama dangi.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau yake tsaya mini a wuya. Mutanen da ba su taka gidan Gwaggo ba lokacin da hannunta ya karye, su ne suka cika gidana. Baffannin yaron suka zo daga Dungu da manyan riguna. Mata suka zo da mayafai suna salati tun daga ƙofa. Babu wanda ya tambayi hannun. Wata ta ce uwar da ta kai ɗanta kaso ta gama lalata shi duniya da lahira. Wata ta ce wa zai ƙara ba zuri'armu aure. 'Yarta ta zo daga Kurni tana kuka, ta ce dangin mijinta sun hana ta sakat da habaici.

Baba ya kira ni zaure. Bai ce in zauna ba.

"Ke ce mai ilimi ko? Ke kika ja ƙanwata gaban jandarma?"

Na ce, "Baba, da ƙafarta ta je. Hannu ya karya mata."

"Na san ya karya. Ni na mutu ne da za a wuce ni a kai wa bare maganar gida?"

Na ce an kawo masa tun farko, an kai wa mai unguwa. Ya ɗaga mini hannu, ya ce in fita. Ya yi watanni ba ya amsa gaisuwata.

Haka aka yi ta zarya a kan Gwaggo, safe da yamma, har ranar da aka kira mu jastis. Aka shigo da ɗanta, ya rame, idonsa ya washe saboda rashin ƙwaya. Alƙali ya ce ta faɗi abin da ya faru. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na yafe masa. A sake shi."

Alƙalin ya cire tabarau ya dube ta, ya dubi layin dattawan da ke zaune a bayanta. Ya ce, "Inna, akwai wanda ya matsa miki ki faɗi haka?"

Baba ya yi gyaran murya. Gwaggo ta ce babu.

Alƙalin ya ce yafiyarta tata ce, ya ji, amma ba ta goge laifin ba, don hukuma ma tana da nata haƙƙin a ciki. Ya yanke masa zaman kaso, ba mai tsawo ba, ya ce ya sassauta ne saboda roƙon uwar. Batun magani kuwa, ita ya kamata ta tayar da shi, kuma ba ta tayar ba. Baffanninsa sun ce ɗansu ba mahaukaci ba ne da za a kai shi Damagaram.

Lokacin da yake kaso Gwaggo ta koma gidanta. Ta yi barci, ta ɗan yi ƙiba. Amma hannun ya haɗe a karkace, matsar mai ta gagare ta, kuma ko ɗan abin da ta samu aka taya ta yi, rabin masu sayenta sun daina zuwa. Duk da haka kullum sai ta dafa tuwo da hannu ɗaya ta ba da a kai masa.

Da ya fito dangi suka yi zama. Ba a kira ni ba. Shawarar da suka yanke ita ce, don gudun fitina, kada su sake zama gida ɗaya. Na ɗauka shi za a nema wa wuri. Ashe ita ce za ta tashi. Aka ɗora kayanta a amalanke aka kai ta Kurni, ɗakin da surukinta yake ajiye buhunan gero. Shi ya zauna a gidan. Ya sayar da tunkiyar, ya sayar da kaskon suya, daga baya har ƙyauren ɗakinta ya cire.

Na koma wurin matar ƙungiyar nan. Ta ce Gwaggo tana da rabonta a gidan, ita da 'yarta, kuma za ta iya neman alƙali ya sa a raba gado, ko a fitar da shi. Amma sai ta je da kanta. Na hau kabu-kabu na je Kurni na gaya mata. Tana zaune tana tsince wake da hagu. Ta ce, "'Yar nan, na je sau ɗaya, kin ga abin da ya biyo. Bar ni haka."

Ban ga laifinta ba. Likita ta yi nata, jandarma ya yi nasa, alƙali ma ya yi abin da aka bar masa. Duk inda muka je a wajen gida an saurare mu. A cikin gida ne aka rasa mutum ɗaya mai gemu da zai tashi ya ce wannan matar an zalunce ta.

Bara aka yi suna a gidan ƙanena, aka ɗauko Gwaggo daga Kurni. Baba ya shigo cikin gida gaida mata, ya gan ta, ya nuna ta ga matan da ke wurin ya ce, "Ku yi koyi da wannan. Duk danginmu babu mai haƙurinta."

Gwaggo ta ce, "Ba haƙuri ba ne, Yaya. Ƙarfina ne ya ƙare."

Ya yi dariya kamar wasa take yi, matan ma suka taya shi, ya fita wurin maza. Aka shigo da waina da miya, hayaniya ta ci gaba. Ɗankwalinta ya zame, ta kai hannu ta kasa, ta kira ni na ɗaura mata.