Waƙar Lambatun Unguwarmu

Lokacin da nake da shago a unguwar Kpakungu, sana'ata cajin waya ce da tura wa mutane waƙoƙi. Kusan duk abin da matasan layinmu ke saurare ta hannuna yake bi. Duk da haka ban taɓa ɗaukar ƙanena mawaƙi ba. Ya gama sakandare, aiki bai samu ba, ni dai ina jin sa yana 'yan rere-rere idan yana wanki.

Abokinsa ɗan maƙwabtanmu ne, Bagwari, iyayensa manoman doya daga Garatu. Shi ke kaɗa piyano a cocinsu. Mu kuwa Nufawa ne, Baba ya taso daga Bida da keken ɗinkinsa. Da rana su biyun sukan zauna a bayan shagona, ɗaya na kiɗa, ɗaya na gwada murya.

Wata damina babban lambatun unguwarmu ya toshe da leda da robobi. Ruwa ya shiga gidaje, ya jiƙa wa Baba yadukan mutane, ya tafi da kajin mahaifiyar abokin. Bayan ruwan ya janye, ƙanena ya miƙo mini wayarsa.

"Yaya, saurari wannan. In ba daɗi ka faɗa mini gaskiya."

Waƙa ce da shi da abokin nasa suka yi a kan lambatun. Babu zagin kowa a ciki. Sun jero abin da ruwa ya kwashe gida-gida, da Hausa da Nufanci da Gwari, har da kajin nan, amshin kuma yana tambayar wa zai fara ɗaukar shebur. Na yi dariya, na sake kunna ta. Duk wanda ya kawo caji ranar sai da na tura masa kyauta.

Ba a jima ba masu keke napep suka ɗauke ta. In ka hau daga Kpakungu zuwa cikin gari, ita za ka ji. Masu aski suka sa, masu shayi suka sa.

Zaɓe kuma ya matso. Wata rana da hantsi wani mai neman kansila ya tsaya a ƙofar shagona da mutanensa, ya ce a kira masa yaran da suka yi waƙar. Ya yaba musu sosai, sannan ya ce yana so a sa sunansa a amshin, zai kula da su.

Ni dai na so su karɓa, don na san halin da gida ke ciki. Ƙanena ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, waƙar ta mutanen unguwa ce, ba za mu iya taɓa ta ba. Amma ranar Asabar za mu fito yasar lambatu. In ka zo, kowa zai gan ka."

Mutumin ya ɗan ɓata rai, ya tafi. Na ce wa ƙanena ya yi wauta.

Ranar Asabar na fito da lasifikata na kunna waƙar. Samarin da ko gaisuwa ba ta haɗa su suka shiga cikin caɓi tare, 'yan mata na kwashe shara da baro, mata suka dama kunu. Wajen azahar sai ga ɗan takarar da motar kwasar shara. Ya naɗe ƙafar wando ya shiga. Wasu suka ce neman ƙuri'a yake. Wataƙila haka ne, amma sharar ta tafi, kuma har daminar ta ƙare ruwa bai wuce dokin ƙofa ba.

Daga nan aiki ya buɗe wa yaran. Masu shaguna suka fara neman su yi musu waƙar talla, ana kiran su biki a gidajen Musulmi da na Kirista. Yanzu suna da ɗan ɗakin ɗaukar waƙa nasu, ni nake kula musu da na'urori.

Kwanan baya wasu 'yan mata suka zo daga Kuta da kuɗin motar da suka tara. Sun rubuta waƙa a kan ɗakin karatun makarantarsu da iska ta yaye wa rufi. Babbarsu tana ta jin kunya, a ɗauka ta farko ba a jin muryarta. Ƙanena ya sa mata abin ji a kunne, ya ce ta sha ruwa tukuna, ba sauri ake ba. A ɗauka ta biyu muryar ta fito.