Minti Biyu Ba Su Isar Suwaiba

A ƙauyukan bayan Dogarawa, in ka ce Suwaiba za a tambaye ka wacce. In ka ce Rediyo, nan take za a nuna maka ƙaramar asibitin da ke gefen kasuwa. Sunan ya bi jikinta. Ka tambaye ta ƙarfe nawa, sai ta fara da labarin wanda ya sayar mata da agogon. Wasu sun ce gado ne, don ubanta ɗan kamasho ne a tasha, da bakinsa ya ci abinci har haƙoransa suka zube.

Amma ba gado kaɗai ba ne. Tana ƴar lakwal, wato makarantar boko, uwarta ta kwanta ciwon ciki, ita ta raka ta asibiti. Ma'aikacin, layi ya yi masa yawa, ya ce, "Inna, ina jiki?" Uwar ta ce, "Da sauƙi." To me za ta ce? Haka aka rene mu: ko rai na bakin fita, mai kunya ba ya ce wa mai gaishe shi jiki ya ƙi. Ya ba ta ƙwayoyi, ya kira na gaba. Matar nan ba ta ga kasuwa mai zuwa ba. Tun daga ranar Suwaiba ta ƙulla gaba da gajeriyar amsa, har gobe ba su shirya ba.

Ta yi karatun jinya a Tawa, ta dawo da takardarta, aiki ya ƙi samuwa. Sai ta shiga asibitin ƙauyensu tana yi don Allah, shekara da shekaru ba albashi. Aikinta da ƴar kujera take yinsa. Mara lafiya ta ce da sauƙi, Suwaiba ta jawo kujera ta zauna: ina gida, ina yara, wake ya yi kuwa, akuyar nan ta haihu? Kafin a gama da akuya, ainihin ciwon ya fito. Masu jira a waje su yi ta tsaki, amma in layi ya zo kansu ba mai son a hanzarta shi.

Mijinta Rabilu direban motar siminti ne a Malbaza, mutum mai haƙuri, amma haƙuri ma yana da gindi. Da aka ji wani furoje, shirin masu ba da agaji, zai ɗauki ma'aikacin jinya ɗaya da albashi a wannan asibitin tata, sai ya kafa mata sharaɗi.

"Suwaiba, wanga shi na na ƙarshe. In ba su ɗauke ki ba, ki rataye farar rigar ga, ki taho Malbaza mu zamna."

Ya bi ƴan buro, ma'aikatan ofis, ya tambayo yadda ake ganawar ɗaukar aiki, suka ce masa kada amsa ta wuce minti biyu. Ya zo ya saita waya a minti biyu, ya aza a tabarma yana gwada ta. Wayar ta yi ƙara, ita ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Ke! Siminti ma buhu-buhu aka lodinai, ba a juye shi gaba ɗai."

"Maigida, ni mutane nika lodi?"

Duk da haka ta koya, don tana son aikin kamar ranta, kuma tana tsoron rasa shi.

Ranar ganawa a Ƙonni, mutum uku ta tarar bayan tebur. Na tsakiya, wani dokta mai furfura, ya cire agogonsa ya ajiye a gabansa. Tambayoyin farko ta amsa su a taƙaice cikin Faransanci, tana ji kamar akuyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya. Doktan yana ta gyaɗa kai. Wallahi aikin nan ya kusa shiga hannunta.

Sai ya ce, "Madam, dattijuwa ta zo da ciwon ciki, kin tambaye ta, ta ce da sauƙi. Me za ki yi?"

Amsar littafi tana bakinta, numfashi ɗaya ya ishe ta. Ta buɗe baki, sai ga zanen uwarta a idonta. Faransancin ya gudu, Hausar gida ta zo.

"Sai in jawo kujera, ranka shi daɗe."

Ta fara. Yadda za ta gaishe ta, yadda za ta kori ɗan rakiya in namiji ne, don tsohuwa ba ta faɗin ciwon mara a gaban ɗanta. Yadda za ta dubi zamanta, da inda hannunta ke komawa in ta ɗauka ba a kallonta. Doktan ya ƙwanƙwasa agogo da biro.

"Madam, lokaci."

"Ban ƙare ba."

"Akwai mutane a waje suna jira."

"Hakanan anka ce ma uwata."

Doktan ba mugu ba ne, a hankali ya ce, "Ma'aikaci ɗaya za mu ɗauka, marasa lafiya kuwa ba iyaka. In kowa sai an yi hira da shi, na ƙarshen layi fa?"

"Gaskiya taka, shi ma yana da hakki," in ji ta. "Amma in ba ka amsa ta minti biyu, ƙarya niy yi maka, don ba haka zan yi aikin ba. Ku ɗauke ni da bakina, ko ku bar ni da shi."

Ta ci gaba daga inda aka tare ta, ba ta tashi ba sai da, a cikin bayaninta, ta kwantar da tsohuwar nan ta taɓa cikinta, ta sa aka nemo motar kai ta babbar asibiti. Da la'asar aka fito aka faɗi wanda aka ɗauka. Wani saurayi ne mai amsa kamar ƙiftawar ido.

Ta isa gida ta tarar Rabilu ya baro Malbaza yana jiranta a tsakar gida.

"Ina labarin ganawa?"

"Da sauƙi."

Ya jira saura, saura bai zo ba. Ta ɗebo ruwa ta wanke farar rigar, ta sa mata bula, ta shanya a igiya, sannan ta juyo ta dube shi ido cikin ido. Ya ce ta rataye riga, ga shi ta rataye. Sai dai wadda ta bar aiki ba ta sa wa riga bula.

Rabilu ya daɗe yana kallon rigar tana ɗiga. Tun da ya aure ta bai taɓa jin kalma biyu kacal daga bakinta ba, kuma ya san abin da kalmomin nan suka taɓa ci mata. Ya kashe wayarsa ya sa a aljihu, ya jawo ƴar kujera ya zauna a gabanta.

"To, Suwaiba. Hwaro mini daga hwarko."