Dubiyar da Inna Ba Ta Je Ba

Shekarar da aka kafa dokar kulle saboda korona, ina koyarwa a wata firamare a Gumel. Da aka rufe makarantu sai na tattara na koma ƙauyenmu, can kusa da bakin iyaka ta wajen Maigatari, wurin mahaifiyata da muke kira Inna.

Na tarar mutane sun karɓi dokar gutsure-gutsure. Rufe makaranta bai dami kowa ba, tunda ga sharar gona ta gabato. Hana cin kasuwar Alhamis kuwa ya taɓa tukunyar kowane gida, domin wanda bai kai akuya ba, dako yake yi, ko matarsa ta aika da fura. Da aka zo kan sallar Juma'a, sai maganganu suka yi zafi. A majalisar gindin darbejiya ana ta cewa cutar masu hawa jirgi ce, me zai kawo ta inda ko mota sai ranar kasuwa? Ban ga laifinsu sosai ba. Wanda sai ya fita zai ci, in ka ce ya zauna, da yunwa ka haɗa shi faɗa.

Inna ce ta ba ni mamaki. Ba ta taɓa ɗaukar maganar hukuma da nauyi ba, amma ita ta fara ajiye buta da sabulu a zaure, ta daina zuwa suna da barka. Ta ce tana amarya sanƙarau ya shigo garin, ta ga gidan da aka fitar da gawa da hantsi aka sake fitarwa da la'asar. Wanda ya ga wannan, in ji ta, ba ya jiran a yi masa shela.

Ana tsakiyar azumi aka bugo waya daga tsallaken iyaka, ta ɓangaren Damagaram, cewa yayar Inna na kwance, jiki ya yi tsanani. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, kuma yayar ce ta goya ta bayan rasuwar uwarsu. Iyaka a rufe take, amma kowa ya san rufewar ta bakin titi ce. Masu kabu-kabu na bi ta cikin gonaki su kauce wa jandarma masu gadin iyaka, su dawo kafin azahar. Akwai wana a gida, yana da babur, nan take ya ce wa Inna ta shirya.

Ta shirya kuwa. Ta ƙulla kuka da daddawa a leda, ta yafa mayafinta, har ta kai zaure. A nan tari ya sarƙe ta. Ya kwana biyu yana damunta, mu duka mun ɗauka zafi ne da azumi. Ta dafa bango har ya lafa, sannan ta zauna a kan dakali. Wana ya tayar da babur yana jira, ita kuwa ba ta motsa ba.

"Kashe shi," ta ce. "Ban san abin da nake ɗauke da shi ba. Yaya ba ta da ƙarfin da za ta karɓi baƙon ciwo, ga jikoki cike da gidan."

Wana ya yi ta lallashi. Ya ce tarin banza ne, ya ce kowa da kwanansa, ya ce in ba ta je ba dangi ba za su manta ba. Ta ce duk ta sani. Ta miƙa masa ƙullin ya kai, ya ajiye daga ƙofar gida, kada ya shiga.

Da yamma aka kara wa yayar waya a kunne. Inna ta yi ta magana, tana tuna mata rijiyar gidansu da wata saniya mai tunkuyi da suka yi kiwo suna yara. Daga can ba ma jin komai sai numfashi. Kafin ƙaramar sallah Allah ya yi wa yayar rasuwa.

Tarin Inna ya warke da kansa. Ba a gwada ta ba, don haka har yau ba mu san ko cutar ce ko mura ba. Wannan rashin sanin ya fi komai tsaya mini a rai. Da an tabbatar, da ta sami abin da za ta riƙe.

Bayan an buɗe iyaka na raka ta ta'aziyya. 'Yar marigayiyar ta karɓe mu ba yabo ba fallasa. Sai da muka ci abinci ta faɗa, idonta a ƙasa, cewa uwarta ta yi ta tambayar ko ƙanwarta ta iso, duk sanda ta ji ƙarar babur. Inna ba ta kare kanta ba. Ta nemi a raka ta ɗakin marigayiyar, ta daɗe a ciki ita kaɗai.

A hanyar dawowa na tambaye ta, da za a maimaita, za ta je? Muna wuce wata gonar gero da ta fara fitar da kai ta amsa.

"Ban sani ba, ɗan nan," ta ce. "Ranar dai abin da na gani ke nan. Allah ya san ba ƙin ta na yi ba."